Rigar nutso ta BCD mara nauyi don tafiya, wacce zan saya?

Ɗan Dahab:
Salam 'yan uwa. Ina neman shawara don Allah. Karatu nake a Alƙahira kuma duk hutu ina sauka garin Dahab ko Sharm a nan Masar yin nutso a Bahar Maliya, to yanzu ina shirin zuwa Zanzibar kuma rigar BCD ɗina (rigar iskar nan da mai nutso ke hurawa ko ya sace don daidaita kansa a ruwa, a jikinta ake ɗaure silindar iskar shaƙa) ta zame min kaya, irin mai kamar jaket ce, kilo 4 da wani abu take a bushe, ita kaɗai ta cinye rabin akwati, ga jirgi kilo 23 kawai ya ba ni. Wancan karon a filin jirgi sai da na buɗe akwati a gaban mutane na kwashe takalman iyo na riƙe a hannu. Shin waɗannan marasa nauyin suna da ƙarko kuwa? Ko in haƙura in riƙa haya a can?

Maman Hanan:
Wa alaikassalam ƙanina. Ni wata BCD mai suna Zuma ta kamfanin Aqualung nake amfani da ita, kilo 2 da ɗan ɗoriya, bayanta ba faranti mai tauri don haka nannaɗe ta nake kamar tabarma in cusa a jaka. Amma ka san iskarta a baya take taruwa, ba ta zagaye ciki kamar jaket. A ƙarƙashin ruwa daɗi wallahi, kwance kake sambal. A saman ruwa ne in ka cika ta tim za ta tura fuskarka gaba, ranar farko na sha ruwan gishiri ina jiran kwale-kwale. Kar ka cika ta, ka ɗan jingina baya kamar kana kan kujera, sannan ka mayar da kaɗan daga dalmar da kake ɗaurawa don ƙara nauyi zuwa aljihun da ke jikin igiyar silinda, shi ke nan.

Injiniya_77:
Kafin kilon rigar, ka duba ƙarfin ɗagawarta, nan ne mutane ke kuskure. Aikinta biyu ne. Iskar da ke cikin silindar alminiyom mai lita 11 idan an cika ta ta kai kusan kilo 2 da rabi, kana shaƙa silinda na yin sauƙi har a ƙarshe ta koma tana jan ka sama. Sannan rigar robar jikinka tana matsewa in ka yi zurfi, ta rage ɗaga ka. To rigar iska ce ke cike wannan giɓin. A ruwa mai ɗumi da silinda ɗaya, mai ɗaga kilo 13 zuwa 14 ta ishe ka har da saura. Amma kai da kake nutso a Dahab da hunturu, ruwan na sauka wajen digiri 21 zuwa 22, kana cikin roba mai kauri milimita 5, ga Bahar Maliya ya fi yawancin tekuna gishiri don haka dalmarka ta fi yawa, kar ka sayi 'yar ƙarama sosai don kawai ta shiga jaka.

Ni faranti da fiffike nake so, wato BCD mai faranti mai tauri a baya da jakar iska a jikinsa. Farantin alminiyom bai kai kilo 1 ba, na ƙarfe kuwa ya haura kilo 2. Ka ɗauki na alminiyom, abin da ka rage sai ka cike da dalma a can, ai kowane shagon nutso yana bayarwa.

Ɗan Dahab:
Na gode yaya, na gode Injiniya. To maganar ƙarko fa? A Dahab daga bakin teku muke shiga, a goye muke ɗaukar silinda kan duwatsu.

Injiniya_77:
Nan kam mai laushin baya za ta ba ka wahala, silinda na lilo tana bugun ƙugu. Faranti ya fi zama daram. Kuma yadin na tafiya siriri ne, bai son gogar dutse. Duk wadda ka zaɓa ka gwada ta da silinda a shago, ka yi taku goma, ka laluba bawul ɗin sakin iska na ƙugu ka ji ko hannunka na kaiwa ba sai ka duba ba.

Maman Hanan:
Kuma ka ɗauraye cikinta da ruwan daɗi, ka ɗan hura ta ka rataye a inuwa. Dama bayan nutson kwanaki sai ka jira aƙalla awa 18 kafin ka hau jirgi, lokacin ta bushe, jiƙaƙƙiya ƙara maka kilo za ta yi a sikeli.