Tambaya kan noman saiwar Ngoc Linh ta Biyetnam a tudun Adamawa

Manomi, Ngaundere, Kamaru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani ɗan kasuwa mai zuwa ƙasashen Asiya ya yi mini tayin irin wata saiwar magani ta ƙasar Biyetnam, dangin jinsen, wadda ake kira Ngoc Linh. Ya ce tana da tsada ƙwarai, kuma za ta yi a nan tunda Allah ya ba mu sanyi. Ina neman shawarar masana kafin in saka kuɗina: shin ƙasarmu za ta karɓe ta, kuma ta yaya zan tabbatar cewa irin na gaske ne?

Malamin gona, Garwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Sanyin Ngaundere da wanda wannan tsiro yake so ba ɗaya ba ne. Asalinsa dutsen Ngoc Linh ne da ke tsakanin tsoffin lardunan Kon Tum da Kuwang Nam, mai tsayin mita 2,598, inda ƙabilar Xo Dang suka daɗe suna amfani da shi a ɓoye kafin tawagar masanin magunguna Dao Kim Long ta gano shi a 1973. Sai a 1985 masana suka raɗa masa suna Panax vietnamensis. Yana fitowa ne a can sama, ƙarƙashin inuwar tsohon kurmi, cikin ruɓaɓɓen ganye mai danshi, inda hazo da raɓa ba sa yankewa. Mu kuwa da zarar hunturu ya shigo a Nuwamba, iska ta bushe ke nan har wajen Maris, kuma tsayin Ngaundere bai wuce kimanin mita 1,100 ba. Ga kuma jira, domin sai an yi shekara 5 zuwa 7 ko fiye kafin a tone saiwar, kuma ko a can ɓeraye da ruɓewar saiwa da ɓarayi suna yi wa manoma ɓarna. A ganina, ko da rumfa da ban ruwa, asara ta fi riba kusa.

Mai harhaɗa magunguna, Marwa:
Alhaji, ni batun inganci ya fi damuna. Jabun wannan saiwa ya yi yawa a Biyetnam kanta, domin akwai danginta na daji masu kama da ita waɗanda ake sayarwa da sunanta. 'Yan kasuwa kan ƙirga tabon da ke jikin saiwar, tunda kowace shekara kara ɗaya ke bushewa ya bar tabo ɗaya, amma wannan shekaru kawai yake nunawa, ba asali ba. A ɗakin gwaji ana neman sinadarin majonoside R2, wanda shi ne ya bambanta ta da jinsen na Koriya. Sai dai nau'in da ke fitowa a lardin Lai Chau ma yana ɗauke da shi, shi ya sa ake haɗawa da gwajin ƙwayoyin halitta. Idan saiwa sukutum tana buƙatar wannan duka, ina ga ƙwayar iri a cikin leda? Mai noma don sayarwa kuma ya kamata ya bi ƙa'idojin noma da girbin tsirran magani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003: a rubuta tushen iri, da takin da aka zuba, da ranar girbi, da yadda aka busar, ta yadda za a iya bin sawun kowane buhu har gonarsa. Kafin ka biya ko sefa ɗaya, ka tuntuɓi cibiyar binciken tsirran magani ta IMPM a Yawunde.

Ɗan kasuwa, Injamena:
Na yarda da Hajiya mai harhaɗa magunguna, kuma zan ƙara da maganar kasuwa. Tun 2016 hukumomin Biyetnam suka yi wa sunan Ngoc Linh rajista a matsayin na wannan yanki kaɗai, saboda haka ko ta yi a gonarka, Alhaji, ba ka da ikon sayar da ita a ƙasarsu da sunan da ke jawo mata tsada. Ka tambayi mai irin takardar shaidar lafiyar tsiro da izinin fitar da shi daga ƙasarsu, ka ji abin da zai ce maka.