Umma ta ce sai an ƙona kayan fina-finan ban tsoron da nake tarawa, don Allah ku ba ni shawara

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan'uwa, kaina ne ya kulle wlh. Ni da yayana tun muna yara ba mu da abin kallo sai fim ɗin ban tsoro, lokacin hayar kaset shi yake zuwa ya karɓo mu jira Umma ta yi barci mu rage murya, shi dariya ma yake yi ni kuwa sai na ɓuya a bayansa, daga baya aka koma CD aka koma turawa a waya amma dai shi ne mai zaɓa, har wani littafi gare shi da yake rubuta duk fim ɗin da muka gani da makin da ya ba shi. Bara waccan ya rasu a hatsarin mota.

Bayan rasuwar na sake kallon The Babadook na 2014, wanda wata 'yar Ostireliya Jennifer Kent ta shirya. Da can dodo kawai na gani a ciki. Wannan karon sai na ga matar da mijinta ya mutu a hanyar kai ta asibiti haihuwa, yaron ya kusa shekara bakwai amma ko sunan mamacin ba ta son a kira a gabanta, dodon nan baƙin cikinta ne da ta danne. Wlh na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Daga nan na fara saye, fosta, abin rufe fuska, 'yan tsanar kamfanin NECA, ina jera su a kan wata kanta a ɗakina. Yanzu na samu wani a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, yana sayar da ainihin littafin dodon da yake cikin fim ɗin, wanda in ka buɗe hotunan kwali suke miƙewa, kaɗan aka buga don waɗanda suka biya tun kafin ya fito, ya ce dala 400. Cikin kuɗin lefe zan ɗan taɓa in mayar. To shekaranjiya Umma ta shiga ɗakina ta gani, ta ce ko in fitar ko ta sa a ƙona, kuma ta kira mai ruƙiyya. Ya zan yi?

Baban Walid: Allah ya jiƙan yayanka. Amma ƙanina maganar nan ba ta buƙatar dogon turanci. Hadisi ne ingantacce a Buhari da Muslim, mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare ko surar mai rai, kai kuma ba surar mutum ba ma, ta dodanni ka jera a inda kake sallah. Mahaifiyarka ta ba ka umarni. Ka tara su ka cinna ashana yau, kuɗin nan ka yi wa mamacin sadaka, ita ce za ta same shi a kabari.

Maman Ilham: Ni abin da ya tsaya min kuɗin lefen ne. Yarinyar ta sani? Don ni ma haka nawa mijin ya yi min, kafin biki aka ce an ɗan taɓa za a mayar, akwati biyu har yau ban gansu ba, yarana uku yanzu, kuma in na tayar da maganar sai a ce ba ni da godiya. Maza dai.

Ɗan Gwammaja: Anti maganar lefe daban ce, akwai sauran lokaci. Baban Walid na gode amma ni ba bauta musu nake ba, kuma sadaka duk Juma'a ina yi masa, ba sai na faɗa ba ne.

Sista Ummi: Allah ya gafarta masa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kayan ba su dame ni ba, abin da ba ka faɗa ba ne ya dame ni. Kana barci? Kana cin abinci, kana zuwa aiki, kana zama da abokai ko ɗakin ne kawai? In an wuce shekara kuma mutum kullum yana nan kamar jiya aka yi rasuwar, likitoci suna ɗaukar shi ciwo ne mai buƙatar kulawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin cututtuka. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, akwai Dawanau. Zuwa can ba ya nufin ka haukace, kuma ba ya hana addu'a.

Baban Walid: Hajiya da girmanki, duk abin da ya samu yaro yanzu sai a ce ciwon damuwa. Mu ma mun binne iyaye da 'ya'ya, haƙuri muka yi da istigfari. Wanda yake kwana cikin dodanni ai dole barci ya gagare shi, ba sai likita ya faɗa ba.

Sista Ummi: Malam ai bai ce barci ya gagare shi ba, tambaya na yi.

Kwamred S.: Ni ma mai kallo ne amma ban yarda da yadda ka fahimci fim ɗin ba gaba ɗaya. Ka tuna ƙarshensa, ba ta kashe dodon ba, a ɗakin ƙarƙashin gida ta ajiye shi tana kai masa tsutsotsi a kwano, sannan ta hau sama ta yi wa ɗanta bikin zagayowar haihuwa. Ita sama take zaune, kai kuwa naka a gefen gado yake. Sannan kar mu wanke harkar fina-finan ban tsoron nan da yawa, tun Psycho na 1960 har Split na 2016 mai taɓin hankali ne ake mayarwa abin gudu mai kisa, likitoci da masu ciwon sun yi ta ƙorafi kan Split ɗin. In kana son wanda ya riƙe maganar rashi da mutunci ka nemi His House na 2020, mata da miji 'yan gudun hijira daga Sudan ta Kudu da suka isa Ingila bayan yarinya ta nitse musu a teku.

Ɗan Gwammaja: Na gan shi Kwamred, yana da kyau amma Yaya bai riske shi a jerinmu ba don haka ba ɗaya ba ne. Kuma kantar ba a gefen gado take ba, tana bayan ƙofa. Sista lafiyata lau, ina zuwa shago.

Uwar Marigayi: Ni da ɗana ya rasu rigarsa ta makaranta na ɓoye a ƙasan akwati, ƙanwar mijina ta zo ta kwashe kayansa ta rabar ban sani ba wai don in daina kuka, har ita rigar. Na yafe mata amma ba na iya cin abinci a gidanta. Kar ka bari a ƙona da hannun wani, in za su fita kai ka fitar. Amma ita ma Umman taka ɗa ta rasa fa, ka taɓa zama ka tambaye ta?

Alhaji Mai Waya: Ƙonawa asara ce gsky. Ka kai su gidan aboki har ƙura ta lafa, ko ka sayar, irin kayan nan in suna cikin kwalinsu ba sa faɗuwa. Littafin kuma ka bi a hankali, jabu ya yi yawa, ka ce ya ɗauko maka bidiyo yana buɗe shafi-shafi. Kuma dala 400 ɗin ban da kuɗin aike, ni wani kamfani ya riƙe min kaya wata da watanni ƙarshe kwali a jiƙe ya iso.

Baban Walid: Wato ya ɓoye wa mahaifiyarsa kenan. Alhaji ka ji tsoron Allah. Ƙanina na faɗa maka gaskiya, mai ruƙiyya in ya zo ka zauna a yi maka, ba abin da zai rage ka.

Ɗan Gwammaja: Ruƙiyya ba matsala zan zauna. Abin rufe fuskar ma zan iya bayarwa don su ne suka fi tsorata ta. Amma littafin mutumin ya ce zuwa Lahadi in ban biya ba akwai wani a layi, kuma ba ku san tun yaushe nake nemansa ba.

Maman Ilham: Har yanzu dai ba ka ce ko yarinyar ta sani ba.

Kwamred S.: Alhaji wane kamfani kake aike da shi yanzu, akwai wata fosta da nake son shigowa da ita.