Wane suna za mu ba "kocin rayuwa" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. "Kocin rayuwa", wato "life coach" na Turanci, ya fara yawo a tallace-tallacen Facebook, kuma bai kwanta mini ba. Koci a ƙwallo muka san shi, shi ke tsara wasa, ya sa wannan ya cire wancan. Masana, me za mu kira mai wannan sana'a, da kuma wanda ke zuwa wurinsa?

Malamar Saikoloji: Wa alaikumus salam, Malam. A fara duba yadda aikin yake, sannan a raɗa suna. Zama ɗaya kan ɗauki minti 45 zuwa 60, duk mako ko bayan mako biyu, galibi tsawon wata 3 zuwa 6. Wanda ya zo shi ke kawo maganar da za a tattauna. Tsarin GROW, wanda John Whitmore na Birtaniya ya yaɗa a 1992, tambayoyi huɗu ne: me kake so ka cim ma, a wane hali kake yanzu, waɗanne hanyoyi ne a gabanka, wanne za ka ɗauka kuma yaushe. Duka amsoshin daga bakin mutumin suke fitowa. Saboda haka sunan "mai horarwa" bai dace ba. Horo daga sama yake saukowa, har hukunci ma horo muke ce masa.

Ɗan Jarida: To "jagora" fa, Malama? Ko "mai ba da shawara"?

Malamar Saikoloji: Jagora gaba yake shiga, domin shi ya san hanya. Mai ba da shawara kuwa shi ne ainihin kuskuren da sababbin shiga ke yi: mutum bai rufe baki ba an ce masa "bar aikin nan, kama kasuwanci". Idan abin ya ɓaci ya ɗora wa mai shawarar laifi, idan ya yi kyau ya kasa motsi sai ya buga waya. Ko ta ina an yi asara.

Tsohon Edita: Ni "ɗan rakiya" ya zo mini. Mai tafiya ya san inda za shi, mai rakiya ya taka masa, ya juyo. Sai dai 'yan siyasa sun ɓata kalmar, ɗan rakiya yanzu shi ne ɗan takarar da ba a sa ran zai kai labari.

Mai Koyar da Sana'ar: Yallaɓai, Hausa ta riga ta raba gardamar. Akwai "ba da shawara", akwai "yin shawara". Na farko mutum ɗaya ke magana, na biyu sai da mutum biyu. Don haka na kawo "abokin shawara", mace "abokiyar shawara". Ya yi daidai da zaman farko, inda ake ƙulla yarjejeniya tare: kuɗi nawa, sau nawa za a haɗu, me ake yi idan ɗaya ya saɓa lokaci, wane sirri ake riƙewa kuma ina iyakarsa, sannan a tambayi mutumin yadda yake so a tunkare shi idan bai cika alkawarin da ya ɗaukar wa kansa ba. Wannan tambayar ta ƙarshe ita aka fi tsallakewa, shi ya sa zama na huɗu ko na biyar kan koma hira.

Malamar Saikoloji: Na karɓa, da sharaɗi. Kada "aboki" ya sa a ɗauka kowa ma zai iya. Ƙungiyar ICF ta masu wannan sana'a a duniya, wadda aka kafa a Amurka a 1995, tana neman awa 60 na karatu da awa 100 na aiki kafin shaidar matakin farko, awa 125 da 500 a mataki na biyu. Kuma aikin ba magani ba ne. Wanda ya daina barci da cin abinci makonni, ko yake maganar kashe kansa, wurin likitan ƙwaƙwalwa za a tura shi nan take.

Ɗan Jarida: Saura mai zuwa. "Kwastoma" ya yi kama da kanti.

Mai Koyar da Sana'ar: "Mai buri". Burin nasa ne, shi zai faɗa, shi zai auna ko an kai.

Mai Fassara: Madalla. Mun tsaya a kan abokin shawara, mai buri, zaman shawara, da yarjejeniyar zama. A takardun aiki a rubuta "ƙwararren abokin shawara" don a bambanta shi da aminin mutum. Allah ya saka da alheri.