An yi mini baftisma ina jaririya, shin wajibi ne a sake nutsar da ni?

'Yar Tudun Wada ta rubuta:

Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. An haife ni a gidan Katolika, kuma ina da wata uku Fada ya zuba mini ruwa a ka cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Takardar tana hannun mahaifiyata har yau. Bara na yi aure na koma majami'ar maigidana a nan Jos, sai dattawa suka yi mini bayani cikin mutunci cewa kafin a rubuta ni cikakkiyar mamba, sai na shiga ajin baftisma an nutsar da ni. Ba ruwan nake tsoro ba. Abin da ke hana ni barci shi ne, idan na amince, ashe ban mayar da abin da iyayena suka yi mini banza ba? Afisawa 4:5 kuma ta ce baftisma ɗaya ce.

Dattijo daga Bukuru ya amsa:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya neman fahimta. Mu a majami'ar ECWA, wadda ta samo tushe daga aikin mishan na SIM (Sudan Interior Mission), abin da muka karɓa shi ne tuba da bangaskiya su ke zuwa da fari, sannan ruwa ya biyo baya a matsayin shaida a gaban jama'a. Ki duba Ayyukan Manzanni sura 8: sai da Filibus ya buɗe wa mutumin Habasha Nassi ya gane, kafin suka gangara cikin ruwa su biyu. Shi ya sa jarirai miƙa su muke yi ga Allah da addu'a, mu bar baftisma har sai mutum ya iya furtawa da bakinsa.

Nutsarwa kuwa daga Romawa 6:3-4 muke ɗaukar ma'anarta, domin shiga ƙarƙashin ruwa hoton binnewa ne tare da Almasihu, fitowa kuma hoton tashi zuwa sabuwar rayuwa. Na shekara da yawa ina tsayawa a bakin ruwa ina riƙe wa masu fitowa hannu, har yau kuma jikina yakan yi sanyi in na ga fuskokinsu. Amma kada kowa ya ce miki ruwan ne ke ceto, gama ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu bai taɓa ruwa ba, aka kuwa yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Iyayenki sun kawo ki gaban Allah da zuciya ɗaya, ba mai ikon raina wannan.

Malamin katikisma daga Nasarawa Gwom ya amsa:

Baba, da girmamawa zan faɗi inda muka bambanta, don 'yar'uwarmu ta ji ɓangarorin biyu. A koyarwar Katolika baftisma sakramenti ce, wato aikin alherin Allah ne kafin ta zama shaidar mutum, kuma tana barin hatimi a ran wanda aka yi wa, hatimin da ba ya gogewa. Saboda haka ba ma maimaita ta, har wanda ya zo mana daga wata ɗarika da baftismar ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ba ma sake yi masa. Ayyukan Manzanni sura 16 ta nuna an yi wa Lidiya da mai tsaron kurkukun Filibi baftisma tare da mutanen gidajensu. 'Yar'uwa, a wurinmu taki cikakkiya ce, kuma ina roƙonki ki zauna da Fadan cocinku na dā kafin ki yanke shawara.

Uwar zumunta daga Rantiya ta amsa:

'Yata, ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, mu sau uku ake nutsar da mu, sau ɗaya ga kowane suna. Shawarata ita ce ki shiga ajin, tunda shiga aji ba shiga ruwa ba ne, ki yi wa Rabaran wannan tambaya yadda kika yi mana, kada kuma ki yarda a gaggauta miki don kawai a faranta wa dangin miji.

'Yar Tudun Wada ta sake rubutawa:

Na gode, Baba, Malam da Mama. Yanzu na gane cewa kowane ɓangare baftisma ɗaya yake riƙe da ita, sai dai sun saɓa a kan wadda za a ƙirga. Zan ba da sunana a aji ranar Lahadi, amma ranar Asabar zan fara zuwa gida, domin ina so mahaifiyata ta ji maganar daga bakina kafin ta ji a waje.