Shiga Tailan da bizar DTV: abin da waɗanda suka je suka ce

Bizar DTV, wadda Tailan ta fito da ita a Yulin 2024 domin masu aiki daga nesa ta intanet, tana da wa'adin shekara biyar, amma kowace shiga kwana 180 kawai ake ba ka. Nan ne mutane ke yin tuntuɓe. Shi ya sa kusan kowa ya ce kafin ka bar gaban jami'in shige da fice, ka buɗe fasfo ka duba kwanan watan da ya buga maka. Gyara kuskure a nan take ya fi sauƙi.

Ka buga bizar a takarda, kada ka dogara da waya. Caji kan ƙare a layi. Ka haɗa da takardar aiki da shaidar banki ta baht (kuɗin Tailan) 500,000, ko da yake ra'ayi ya rabu: wasu an tambaye su, wasu ko kallon takardun ba a yi ba. Ni dai ina bayan a riƙe su.

Katin isowa na TDAC ana cike shi ta intanet cikin kwana uku kafin sauka. Mai tahowa daga Najeriya kuma kada ya manta katin rigakafin cutar shawara.

Aiki wa kamfanin Tailan kuwa, bizar ba ta yarda ba.