Shin Ana Sallar Husufin Wata Idan Hadari Ya Hana a Gan Shi?

Injiniya Kabiru, Gwale:
Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayin malamai da dattawan wannan zaure a kan abin da ya faru a masallacinmu da yammacin Lahadi, 7 ga Satumba 2025. Tun da daɗewa masana falaki suka bayyana cewa wata zai shige inuwar ƙasa ɗungurungum daga misalin ƙarfe 6:30 zuwa 7:52 agogon Najeriya, wato minti 82, kuma ba zai gama fita ba sai dab da ƙarfe 9:00 na dare, saboda haka a Kano a kame ya fito, daidai lokacin magariba. Sai dai hadari ya tokare gabas a wajenmu. Da muka nemi liman ya ja mu sallar husufi, ya ce ba za a yi ba sai an gani da ido. Ina girmama shi ƙwarai, amma ina ganin an hana jama'a alheri. Gajimare bai wuce 'yan kilomitoci a saman kanmu ba, wata kuwa yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000, don haka hadarin bai hana husufin aukuwa ba, mu ya hana kallo. Ranar da gari ya lumshe, ai da agogo da jadawali muke kiran azahar, babu mai cewa sai ya ga inuwa ta karkata.

Malam Nasiru, Ƙofar Mata:
Wa alaikumus salam. Injiniya, babu mai ja da kai a kan ingancin lissafin, amma kwatancen da ka yi da azahar yana buƙatar gyara. An rataya azahar ne a kan gushewar rana daga tsakiyar sama, ta kowace hanya aka tabbatar da hakan. Sallar husufi kuwa a kan gani aka rataya ta. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, rana ta yi kusufi ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, mutane suka alaƙanta abin da rasuwar, sai ya sanar da su cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, kuma idan an ga hakan a yi salla da addu'a har ya yaye. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan Hijira, ya yarda cewa ana sanin lokacin husufi ta lissafi, kuma idan masu lissafin suka haɗu a kan magana da wuya su yi kuskure, amma duk da haka ya ce ba a sallar sai an gani, ko da yake ya yaba wa wanda ya ji labari ya yi shirin dubawa. Limaminku yana da madogara.

Injiniya Kabiru, Gwale:
Allah Ya gafarta Malam, to mene ne gani a wannan zamani? Muna zaune a harabar masallaci wani matashi ya buɗe waya, muka kalli watan jajawur kai tsaye daga Saudiyya. Me ya raba wannan da kallo ta madubin hangen nesa?

Hajiya Binta, malamar kimiyya, Tarauni:
Ta fuskar kimiyya akwai abin da ke ƙarfafa maganar Injiniya. Husufin wata ya bambanta da jinjirin wata, ya kuma bambanta da kusufin rana, waɗanda ganinsu ya danganta da inda mutum yake tsaye. Inuwar ƙasa a jikin watan take sauka, saboda haka duk wanda wata ya fito masa, ko a Makka yake ko a Kano, abu ɗaya yake kallo a lokaci ɗaya. Hukuncin salla na bar wa malamai.

Abin da ya fi damuna shi ne saurin da mutane suka yi wajen fid da rai. Idan wata ya shige inuwar gaba ɗaya, haskensa yakan ragu ƙwarai, ba abin da ke isa gare shi sai jan hasken da ya lanƙwaso ta cikin iskar da ke kewaye da ƙasa, kuma ko siririn gajimare ya isa ya ɓoye shi, balle yana ƙasa-ƙasa a gabas kuma gari bai gama duhu ba. Amma da zarar gefensa ya fara fita, hasken kan ratsa gajimare. Ni da yarana mun zauna a saman bene, kuma bayan isha'i hadarin ya tsage na ɗan lokaci, muka ga watan sashensa fari tas, ɗaya sashen a dushe, da bakin inuwar a lanƙwashe a tsakaninsu, har ƙaramarsu ta nuna da yatsa tana salati. A lokacin yawancin maƙwabta sun riga sun shige ɗaki.

Malam Nasiru, Ƙofar Mata:
Hajiya, wanda ya ga abin da kika gani salla ta hau kansa a matsayin sunna, kuma ko hadari ya sake rufewa zai ci gaba, domin asali shi ne husufin yana nan har sai an tabbatar da yayewarsa. Game da waya, abin da nake fahimta shi ne manufar sallar ita ce tsoron Allah da ke kama zuciyar wanda ya ɗaga kai ya ga ayar a samansa. Idan aka buɗe ƙofar hoto, gobe wani zai nemi a yi sallar husufin da ake gani a Amurka alhali a nan rana ce tsaka.

Baba Alhaji Garba, Yakasai:
'Ya'yana, akwai abin da kuka tsallake. Mu da muka tashi a kan Risala ta Ibn Abi Zaid, abin da muka karanta shi ne babu jam'i a sallar husufin wata, kowa yana yi shi kaɗai, raka'a biyu-biyu kamar sauran nafiloli, da karatu a bayyane. Jam'i da ruku'u biyu a kowace raka'a na kusufin rana ne a mazhabar Malik. Da muna yara, idan aka ce rana ta kama wata, mu ne ke zaga unguwa muna kaɗa gwangwani, iyayenmu kuwa kowa na kan buzunsa a zaure yana nafila da istigfari. Kabiru, ko da an ga watan ƙarara, limamin da ke bin Malikiyya ba zai ja ku jam'i ba, kuma babu wanda ya hana ka ka shimfiɗa dardumarka a gida ka yi nafila da sadaka.

Injiniya Kabiru, Gwale:
Na gode, Baba, Allah Ya ƙara girma. Sai dai masallatai da yawa a Kano yau suna bin fahimtar Shafi'i da Ahmad, waɗanda suka ga jam'i a husufin wata, kuma namu yana cikinsu. Har yanzu ina kan ra'ayina cewa tabbas ya fi ƙarfin hadari. Amma ko a kan sharaɗin Malam Nasiru, bayanin Hajiya ya nuna an ga husufin a Tarauni a daidai lokacin da mu a Gwale muka watse. Tunda muna karɓar shaidar adalai a kan jinjirin watan Ramadan daga gari mai nisa, me zai hana a karɓi shaidar amintacce daga wata unguwa a cikin birni ɗaya?

Malam Nasiru, Ƙofar Mata:
Wannan ba ni da ja a kansa, domin shaidar amintacce gani ce, ba lissafi ba.

Hajiya Binta, Tarauni:
To sai a yi shiri tun da wuri. Da asubahin Juma'a, 28 ga Agusta 2026, inuwar za ta rufe fiye da kashi 90 cikin 100 na wata, za ta fara da misalin 3:30 na dare, ta kai ƙololuwa da misalin 5:13, kuma a yamma za a neme shi ba a gabas ba. Agusta ne watan da ruwa ya fi sauka a Kano, saboda haka ya kamata kwamitocin masallatai su ware mutane a saman Dala da Goron Dutse da dogayen benaye, su riƙe lambobin limamai, kuma kada su sauko har sai watan ya faɗi.