Wace kalma za mu sa wa "calibration" na injin shuka?

Mai gyaran injin gona, Magazin Suame (unguwar makanikai a Kumasi, Ghana):
Assalamu alaikum. Direbobin tarakta masu tafiya da injin shuka zuwa fadamun shinkafa na Fumbisi a arewacin Ghana suna buƙatar bayani da Hausa, ga shi kalma ɗaya ta tsaya mana a wuya: calibration. Injin da nake nufi shi ne mai zuba iri a jere ta bututu, ba mai ajiye ƙwaya rami-rami irin na masara ba. Yara a gareji "saiti" suke cewa. Ya wadatar?

Malamin gona, Aboabo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Bai wadatar ba. Saiti shi ne ka tura hannun injin zuwa lamba 20 ko 30. Calibration kuwa shi ne ka tabbatar da sikeli cewa a wannan lambar ana samun kilon da kake so. Jadawalin da ke manne a murfin akwatin iri ƙiyasi ne kawai, an yi shi da wani iri a wata ƙasa.

Kafin a taɓa inji ma sai an san adadin. Bari in yi misali da alkama, tunda ita ce kan gaba a jadawalin, ko da yake mu nan ba nomanta muke yi ba, sai 'yan'uwa na Kadawa da Haɗeja da ke shuka ta da rani, daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba. A ce kana son tsiro 250 a murabba'in mita. Ƙirga ƙwaya 1,000 ka auna, a ce giram 40. Ke nan giram 10 a murabba'in mita, kilo 100 a hekta. Amma ba duka ke fitowa ba. Shimfiɗa ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma, bayan mako ɗaya ka ƙirga. In 90 suka tsira, gona kuma ta ci kashi 10 cikin ɗari na sauran, saura kashi 81 cikin ɗari ke nan, sai ka raba kilo 100 ɗin da 0.81, ka sami kilo 123 a hekta, wajen kilo 50 a eka. Kalmar kuwa, ni dai "awon iri" nake gani.

Hajiya mai hatsi, kasuwar Asawase:
Malam, a yi haƙuri, wannan ba za ta yi ba. Ka ce wa yaro "je ka yi awon iri", wallahi buhu zai ɗauka ya nufo wurina da kuɗi. Awo a bakinmu sayen hatsi ne da olonka, wato mudunmu na nan Ghana.

Mai gyaran injin gona:
Hajiya ta yi gaskiya. Wani ya kawo "awon zubi", shi ma na ƙi, don a Magazin zubi na masu narka dalma ne.

Tsohon direban tarakta, Tafo:
Ku dubi aikin, sunan zai fito. Inji mai bututu 10, tsakanin layi santimita 20, faɗinsa mita 2. A sa alli a tayar da ke juya injin, a ja shi juyi 10 a kan ƙasar da aka yi wa haro, a auna, a raba da 10. Kada a zagaya tayar da igiya a gareji, domin a gona tana zamewa, iskar taya ma tana canza lissafin. A ce an sami mita 2. Kowane juyi murabba'in mita 4 ke nan, juyi 25 kuma 100, wato kashi ɗaya cikin ɗari na hekta.

Sai a ɗaga tayar da jak, a zuba iri ya kai rabin akwati, a fara juyawa har kowane bututu ya kawo, a zubar da wannan. Sannan a ɗaura leda a bakin kowanne, a yi juyi 25 da saurin tafiyar gona. Jimilla ya kamata ta zama kilo 1.23, kowace leda giram 123. In bai kai ba a ƙara saiti a sake.

Ledar nan ɗaya-ɗaya ake auna ta, a nan mutane ke ganganci. Jimilla kan yi daidai alhali bututu na uku zanzaro ya yi gini a ciki, na bakwai kuma yana ambaliya. Wadda ta kauce wa 'yan'uwanta da fiye da kashi 5 cikin ɗari, a duba gangar nan mai tsagi-tsagi da ke ɗebo iri, ko ta ci ko ta goce daga wurinta. In an ga fasassun ƙwayoyi a leda, marfin da ke ƙarƙashinta ya matse. Irin da aka shafa wa magani ba ya gudu kamar wanda ba a shafa ba, don haka da shi za a gwada, da safar hannu. Shinkafa mai ƙaiƙayi kuma takan yi gada a cikin akwati ta bar ƙasa fayau, sai an tabbatar sandar da ke motsa iri tana juyawa.

Duk wannan me ake aunawa? Saitin ne.

Malamin gona:
Baba ya raba gardama. "Awon saiti". Na janye tawa. Tana kuma shiga magana ba tare da tuntuɓe ba: "Ka auna saiti?" "Saitin bai kai awo ba." Za ta yi wa injin feshi da na taki ma.

Hajiya mai hatsi:
Wannan ba wanda zai zo da buhu. Na yarda.

Mai gyaran injin gona:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Zan rubuta "awon saiti", adadin kuma "yawan iri a eka", tunda da eka manomanmu ke lissafi. Baba, in an canza daga alkama zuwa shinkafa kaɗai ake maimaitawa?

Tsohon direban tarakta:
A'a, Alhaji. Ko alkama ce, in buhun daga wani wuri ya fito a sake, girman ƙwaya ba ɗaya ba ne. Kuma bayan an shuka ekar farko a leƙa akwati a ga abin da ya ragu, ko ya yi daidai da lissafi.